Maƙwabciyar da ta ɓace daga allon kwamfuta: darasi daga Aljirif



A yau gidaje da yawa, da makarantun unguwa, da ƙananan ofisoshi, suna da kwamfuta biyu ko uku da aka haɗa da juna, ta yadda ɗaya ke riƙe da takardu, sauran kuma suna leƙawa su ɗauki abin da suke buƙata. Tsari ne mai sauƙaƙa aiki matuƙar yana tafiya daidai. Sai dai akwai ranar da mutum zai buɗe tagar da ya saba ganin sauran kwamfutocin a cikinta, wadda Windows na Turanci ke kira Network, na Faransanci Réseau, na Larabci kuma Shabaka, ya tarar da ita wayam. A irin wannan rana hankali kan tashi, wani ya ce takardu sun salwanta, wani ya ce a kira mai gyara ya goge komai a sake zubawa. Mun taɓa shaida irin wannan rana a ƙasar Sudan, kuma abin da muka koya a can zai amfani mai karatu ko a Maraɗi yake, ko Damagaram, ko Kano.

Wata safiya a bakin Shuɗin Nilu

Aljirif unguwa ce a gabashin Kartum, wadda kogin Shuɗin Nilu ya raba gida biyu: Aljirif ta Yamma a ɓangaren birni, Aljirif ta Gabas kuma a ƙetaren ruwa, inda aka san gaɓar da gonaki da wuraren gasa jan bulo. Hausawa ba baƙi ba ne a wannan ƙasa. Hanyar hajji ta ƙasa ta zaunar da dubbansu tun zamanin kakanni, wasu kuma sun biyo ayarin da ya yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, wanda ya kafa garin Maiwurno kusa da Sinnar. Daga nan zuriya ta bazu zuwa Gadarif, da Kasala, da Umdurman, da Kartum. Ga mutumin da kakanninsa suka iso da ƙafa, takarda tana da nauyi na musamman: takardar haihuwa, lambar ɗan ƙasa da ake kira raƙam watani, sakamakon jarrabawar shahada sudaniyya, da takardar fili.

A watan Yuni na 2019, kwanaki kaɗan bayan ƙaramar Sallah, muna zaune a shagon wani ɗan'uwa Bahaushe a Aljirif ta Yamma, mai sana'ar buga takardu da fotokofi. Mutanen unguwa sun saba kawo masa muhimman takardunsu ya ɗauki hotonsu ya adana. Kwamfutocinsa uku ne. Akwai tsohuwa mai Windows XP a ɗakin ciki, wadda ke riƙe da dukan ajiyar, kuma allonta ya daɗe da ƙonewa, ana dai kunna ta ne a bar ta. Akwai ta kan kanta mai Windows 7, sannan da sabuwar kwamfutar tafi-da-gidanka mai Windows 10 ta ɗansa. A lokacin an katse intanet na wayoyin hannu a ƙasar tun ranar 3 ga wata, kuma bai dawo ba sai 9 ga Yuli.

Sai ga wata dattijuwa ta iso daga Umdurman, bayan ta sha wahalar mota. Ta gaisa, ta ce: "Ɗana, takardar jarrabawar yaron nan da na kawo maka bara, ita nake so ka fitar mini. Ta asalin ruwan sama ya lalata ta, ga shi mai tafiya da ita gobe zai tashi."

Mai shagon ya sunkuyar da kai. "Hajiya, ki yi haƙuri. Tunda aka yanke intanet kwamfutar ciki ta ɓace mana. Sai ranar da aka dawo da shi."

Muka tambaye shi: "Malam, bayan yanke layin, an taɓa wani abu a shagon nan?" Ya ce ba a taɓa komai ba, illa dai ya cire akwatin intanet ɗinsa, wato rauta, ya sa wata da ya aro mai layin wani kamfani, ko Allah zai sa a dace. Ba a dace ba, amma ya bar ta a jone.

Muka buɗe shafin saitin sabuwar rautar a kwamfutar kan kanta, wanda ba ya buƙatar intanet, muka duba jerin na'urorin da ke jone da ita. Ga tsohuwar kwamfutar nan a ciki, da sabon adireshi: 192.168.8.101. Muka koma tagar fayiloli, muka rubuta \\192.168.8.101 a layin sama, muka danna. Jakunkuna suka bayyana reras. Kafin shayin da aka kawo wa Hajiya ya huce, takardar ɗanta tana hannunta, tana ta sa albarka.

Abu uku da ake ɗauka ɗaya ne

Kuskuren ɗan'uwanmu shi ne na mafi yawan mutane. Kwamfutocin da ke gida ɗaya suna magana da juna ne ta waya ko ta Wi-Fi, su bi ta cikin rauta, ba tare da saƙonsu ya fita ƙofar gida ba. Ko an katse intanet na ƙasa baki ɗaya, kamar yadda aka yi a Sudan a 2019, aka sake yi bayan 25 ga Oktoba 2021, da kuma a Fabrairun 2024, wannan magana ta cikin gida tana nan daram, in dai akwai wuta.

Domin a fahimci inda matsala take, sai a raba al'amarin gida uku. Na farko hanya, wato waya da adireshin da ke sada kwamfuta da 'yar'uwarta. Na biyu jerin sunaye, wato abin da ake gani a tagar nan ta Réseau. Na uku ƙofa, wato izinin shiga da kalmar sirri. Kowanne yana iya lalacewa shi kaɗai, sauran biyun suna lafiya. Wanda ya fi saurin lalacewa kuwa shi ne jerin sunaye, kuma shi ne mafi ƙarancin muhimmanci, domin wanda ya san lambar gida ba ya buƙatar a nuna masa sunan maigidan a rubuce kafin ya yi sallama.

A shagon Aljirif hanya lafiya take, ƙofa ma haka. Abin da ya faru shi ne, da aka sauya rauta, Windows 7 ya ga kamar an kai shi wani sabon wuri, ya tambaya ko gida ne, ko wurin aiki, ko wurin jama'a. Wani ya danna na jama'a ba tare da ya karanta ba. Da zarar an zaɓi wannan, Windows yakan ɗauka yana filin jirgi ne ko otal, sai ya daina neman maƙwabta, ya kuma ɓoye kansa daga gare su. Bugu da ƙari, adireshi ya tashi daga 192.168.1 ya koma 192.168.8, saboda haka duk wata gajeriyar hanya da aka ajiye a allo da tsohuwar lamba ta mutu.

Mai unguwar kwamfutoci

Yaren da kwamfutoci ke musayar fayiloli da shi ana kiransa SMB. Wani injiniyan kamfanin IBM mai suna Barry Feigenbaum ne ya ƙirƙiro shi a 1983, daga baya Microsoft ya ɗauka ya gina shi cikin Windows. A tsohon tsari kowace kwamfuta tana da suna wanda bai wuce harafi 15 ba, kuma tana cikin wata ƙungiya mai suna. Kwamfutocin kan zaɓi ɗaya daga cikinsu ta zama kamar mai unguwa, ita ke riƙe da jerin duk waɗanda ke nan. Kowace kuma takan sanar da ita kasancewarta lokaci-lokaci, har tazarar ta kai minti 12 tsakanin sanarwa da sanarwa.

Wannan tsari bai dace da garin da ake yawan ɗauke wuta ba. In mai unguwar ta mutu, sai an sake zaɓe, sabuwar kuma ta fara tattara sunaye daga farko. Shi ya sa bayan dawowar wuta akan ɗauki lokaci kafin jerin ya cika. Haka nan kwamfutar da aka kashe takan ci gaba da bayyana har fiye da rabin awa, domin ba a goge sunanta sai ta tsallake sanarwa uku. Akwai kuma wani tarko da ya wahalar da mutane a wancan zamani: Windows XP na gida yakan sa wa ƙungiyarsa suna MSHOME, sauran kuma WORKGROUP, sai kwamfutoci biyu da ke kan teburi ɗaya su zama kamar 'yan unguwa daban-daban.

Da Windows Vista ya fito a 2007, ya zo da sabon yare, SMB2, da sabuwar hanyar neman maƙwabta mai suna WS-Discovery, wadda ba ta buƙatar mai unguwa: kowace kwamfuta tana amsa kira da kanta. Windows 8 ya kawo SMB3 a 2012. Shi kuwa XP tsohon yaren kaɗai ya iya, wanda yanzu ake kira SMB1, kuma bai san sabuwar hanyar sanarwa ba.

Tsagar da ƙadangare ya bi

Da muka gwada buɗe ajiyar daga sabuwar kwamfutar ɗan mai shagon, ko da adireshin ma ta ƙi. Yaron, wanda yake da ɗan sani, ya ce ai akwai wurin da ake kunna SMB1 a Windows 10, minti biyu an gama. Gaskiya ya faɗa, amma mun ba shi shawarar ya dakata, ga kuma dalili.

Ranar 12 ga Mayu 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a duniya ta wata kafa da ke jikin SMB1. Ba ta jiran a danna komai: in ta shiga kwamfuta ɗaya, sai ta bi hanyar cikin gida ta kama sauran, ta kulle fayiloli, ta nemi a biya dala 300. Ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kimanin 150. Asibitocin gwamnati a Ingila sun soke ganin marasa lafiya, kamfanin motoci na Renault a Faransa ya tsayar da aiki a wasu masana'antunsa. Microsoft ya riga ya fitar da maganin wannan kafa tun watan Maris na shekarar, amma waɗanda ba su sabunta kwamfutocinsu ba su ne suka faɗa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Tun daga sigar 1709 ta Windows 10, a ƙarshen 2017, aka fara janye SMB1. A sigogin Home da Pro yakan cire kansa in aka yi kwana 15 ba a yi amfani da shi ba, kuma tsohon tsarin mai unguwa yana tafiya ne tare da shi. Wannan ne ya sa sabuwar kwamfuta ba ta ganin tsohuwa, ba ta kuma iya buɗe ta. Lamarin ya fi tsanani a Sudan, inda takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba daga 1997 zuwa Oktoban 2017 ya wahalar da samun manhaja ta halal da sabuntawa, mutane suka riƙe tsofaffin injuna. Amma mu ma a nan kasuwanninmu cike suke da kwamfutocin gwanjo. Ya kamata mai karatu ya sani an daina fitar wa XP gyaran tsaro tun Afrilun 2014, Windows 7 tun Janairun 2020, Windows 10 kuma wa'adinsa na yau da kullum ya ƙare a Oktoban 2025. Maganin da ya dace shi ne a kwashe ajiyar daga tsohuwar a mayar da ita kan wadda ta fi sabunta, maimakon a sassauta tsaron sabuwar domin ta dace da tsohuwar.

Matakan bincike, ɗaya bayan ɗaya

Ga tsarin da muke ba da shawarar a bi. Kada a tsallake mataki, kuma kada a sauya abu biyu a lokaci guda, domin in an gyaru ba za a san wanne ya yi aiki ba.

Na farko, a tambaya: me aka sauya? Sabuwar rauta, sabuwar manhajar kariya, sabuntawar Windows, ko ɗauke wuta. Rabin amsar tana cikin wannan tambaya.

Na biyu, a duba waya. A bayan kwamfuta, inda wayar ke shiga, akwai 'yan fitilu da ke ƙyaftawa. In sun mutu, a sauya waya ko a gwada wata kafa a jikin rauta. Masu Wi-Fi su tabbatar ba a layin baƙi suke ba, domin rautoci da yawa suna hana na'urorin da ke layin baƙi ganin juna.

Na uku, a duba adireshi. A danna maɓallin Windows tare da harafin R, a rubuta cmd, sannan a baƙin allon da ya fito a rubuta ipconfig. Za a ga lamba mai kashi huɗu, misali 192.168.1.12. A tsarin gida na yau da kullum, kashi ukun farko dole su zama iri ɗaya a dukan kwamfutocin, na ƙarshe ne kawai ke bambanta. In lambar ta fara da 169.254, to kwamfutar ba ta samu adireshi daga rauta ba, ta laƙaba wa kanta ne. A sake kunna rautar, a duba wayar.

Na huɗu, a ƙwanƙwasa ƙofa kai tsaye. A tagar fayiloli a rubuta sanda biyu masu karkata baya, sannan adireshin kwamfutar da ke da ajiyar, kamar \\192.168.1.12. Mai Linux ko Mac ya rubuta smb://192.168.1.12. In jakunkuna sun fito, hankali ya kwanta: jerin sunaye ne kawai ya samu matsala. In saƙo ya fito mai lamba 0x80070035, ma'anarsa ba a ga hanyar ba, sai a koma mataki na biyu da na uku, a kuma duba katangar tsaro ta kwamfutar da ake nema, musamman in an sa mata manhajar kariya mai tata katangar.

Na biyar, a gyara jerin. A saitin hanyar sadarwa a mayar da ita ta gida, wato Private ko Privé, a dukan kwamfutocin. A kunna neman maƙwabta da raba fayiloli, waɗanda Faransanci ke kira Découverte de réseau da Partage de fichiers et d'imprimantes. In har yanzu wata ba ta bayyana, a rubuta services.msc a kanta, a nemo Function Discovery Resource Publication, ko Publication des ressources de découverte de fonctions, a kunna shi a sa ya riƙa tashi da kansa. Shi ne mai amsa kira in maƙwabta sun nema. Wanda ajiyarsa ke kan Linux, ta manhajar Samba da Andrew Tridgell ya fara a Ostireliya a 1992, zai buƙaci ƙaramar manhaja mai suna wsdd kafin Windows na zamani ya gan shi a jeri.

Na shida, a duba ƙofa. Sunan da kalmar sirrin da ake tambaya na kwamfutar da ke da ajiyar ne, ba na wadda ake zaune a gabanta ba. Windows ba ya yarda a shiga ta hanyar sadarwa da asusun da ba shi da kalmar sirri, kuma 'yar lambar PIN da ake buɗe allo da ita ba ta aiki a nan. Izini kuma hawa biyu ne, na rabawa da na tsaron jakar kanta, kuma mafi tsauri a cikinsu shi ke yin hukunci. Tun daga sigar 24H2 ta 2024, Windows 11 Pro ya daina yarda da shiga a matsayin baƙo marar kalmar sirri, abin da ya sa wasu tsofaffin akwatunan ajiya da filashin da ake soka wa rauta suka daina buɗuwa. A ƙirƙiri asusu mai kalmar sirri a kan na'urar, shi ne gyaran da ya dace.

Na bakwai, a hana maimaituwa. A shafin rauta a keɓe wa kwamfutar ajiya adireshi guda wanda ba ya sauyawa, a rubuta shi a takarda a manna a jikinta. Sannan a sauran kwamfutocin a ɗaure jakar da harafi, kamar Z, ta zama tamkar faifai na cikin gida. Daga ranar ba a ƙara buƙatar jerin sunaye.

Amanar da ke cikin jaka

Akwai abin da ya fi ɓacewar suna haɗari, wato buɗe ƙofa ga kowa. Mutane da yawa, in kalmar sirri ta gajiyar da su, sai su kashe ta su ba kowa izini. A shago ko makaranta inda ake ba baƙi lambar Wi-Fi, wannan yana nufin duk wanda ya zauna a benci da wayarsa zai iya karanta takardun auren mutane, da na gado, da na asibiti. Takardun jama'a amana ce a hannun wanda aka ba ajiya. A sa kalmar sirri, a ba masu ɗauka izinin karantawa kawai, a ware wa baƙi layinsu daban. Kada kuma a yarda wani ya buɗe ƙofa mai lamba 445 a jikin rauta da sunan a riƙa ɗaukar fayil daga nesa, domin ita ce ƙofar da WannaCry ta bi.

Kafin mu bar shagon a wancan mako, mun taya ɗan'uwanmu kwashe ajiyar daga tsohuwar kwamfutar. Muka kuma matsa masa ya sayi ƙaramin faifan ajiya na waje, ya riƙa kwafe komai a kai duk ranar Alhamis, ya tafi da shi gida. Ya yi ƙorafin tsada, amma ya saya. Jakar da kwamfuta uku ke gani kwafi ɗaya ce tak. In faifan da take kai ya mutu, ta mutu a wurin kowa. Ƙa'idar da masana ke bi ita ce kwafi 3, a kan na'ura iri 2, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam.

Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Kartum, wanda ya raba fiye da mutum miliyan 10 da gidajensu a faɗin ƙasar. Ɗan'uwanmu ya fita da iyalinsa zuwa Gadarif, ya bar shago da kwamfutocinsa uku. Abin da ya tsira da shi daga sana'arsa ta shekaru shi ne wannan faifai, a aljihun rigarsa. Da shi ya riƙa tura wa tsofaffin maƙwabtansa hotunan takardunsu ta WhatsApp, wasu suna Port Sudan, wasu Masar, wasu Chadi, a lokacin da yaro ke buƙatar shaidar karatu domin shiga makaranta a ƙasar da ba a san shi ba.

Saboda haka, maigida da uwargida, malamin makaranta da mai shago, a samu lokaci cikin makon nan a rubuta adireshin kwamfutar ajiya, a duba wa ke da izinin shiga cikinta, a kuma kwafe abin da ke ciki zuwa wani wuri. Rigakafi ya fi magani. Allah ya zaunar da Sudan lafiya, ya mayar da kowa gidansa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.